Yadda Ake Daidaita Shokazobar Babur ɗin Dusar Ƙanƙara Ga Mai Nauyin Jiki a Kan Tsauni

Babur ɗin dusar ƙanƙara abin hawa ne mai allunan zamiya biyu a gaba da bel ɗin roba a baya a maimakon tayoyi. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan baburan na hawan tsauni, kamar samfurin Ski-Doo Summit da Polaris RMK, suna saita sifirin da shokazoba ne da ƙiyasin mutum matsakaici. Idan mai jiki ya hau, ga jakar baya mai ɗauke da shebur da sandar binciken wanda dusa ta binne, ga jarkar man fetur a ɗaure a baya, sai bayan babur ya durƙushe, gabansa ya ɗaga, bel ɗin roba mai haƙora kuma ya riƙa haƙa rami maimakon ya hau saman dusar. Da yawa suna ganin maganin shi ne a ɗaure kowane sifirin tamau, alhali gyaran yana da tsari, kuma daga bayan babur ake fara shi.

Da farko a shigar da babur wuri mai shimfiɗaɗɗen daɓe, a kakkaɓe ƙanƙarar da ta daskare a ƙarƙashinsa, domin tana ƙara nauyi tana kuma hana ƙarafuna motsi. A ɗaga bayansa har shokazoba ta miƙe gaba ɗaya, a sauke shi a hankali, sannan a auna daga bambar baya zuwa ƙasa a rubuta. Sai mahayin ya hau da cikakkun kayansa, ya tsaya a tsaye a inda ya saba tsayawa, tunda a kan tsauni ba a zaune ake tuƙi ba, wani kuma ya sake aunawa daga wuri ɗaya. Bambancin awon biyu shi ne saukar baya. Littafin da ya zo da babur yana ɗauke da adadin da ya dace da samfurinsa, kuma galibi yana faɗuwa tsakanin santimita 5 zuwa 10.

In saukar ta wuce haddi, a ƙara ɗaurin sifirin na baya. A wasu samfura akwai makulli mai matakai a kowane gefe da ake juyawa da sifana, kuma wajibi ne dama da hagu su tsaya a mataki ɗaya. A wasu kuma zobe ne ake murɗawa a jikin shokazoba. Masu shokazobar iska irin Fox Float suna ƙara iska da ƙaramin famfon hannu, bayan an ɗaga babur ta yadda babu nauyi a kanta, kuma gara a yi hakan cikin sanyin da za a yi tuƙi, saboda matsin iska yana raguwa idan zafi ya sauka. Akwai abin da ya kamata mai nauyi ya fahimta a nan: ƙara ɗauri yana ɗaga babur ne kawai, ba ya sauya ƙarfin sifirin kansa. Wanda ya kai mataki na ƙarshe amma har yanzu bayan yana bugun ƙasa a kan gargada, to sifirin mai kauri yake bukata, kuma kamfanoni suna sayar da shi daidai da nauyin mahayi.

Daga nan sai shokazobar tsakiya, wadda ke gaban bel, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Idan aka tsananta ɗaurinta, nauyi yana barin allunan zamiya na gaba, kan babur ya yi sauƙin juyawa, amma gaban bel yana danna dusa da ƙarfi har ya tona rami a tsakiyar hawa. Idan aka sassauta ta da yawa, sitiyari ya yi nauyi, hannu ya gaji. Ga mai jiki, ƙari kaɗan ya isa, ƙasa da abin da aka ƙara a baya.

Maɗaurin robar da ke riƙe gaban ƙarafunan ƙasa, waɗanda bel ke zagayawa a kansu, shi ma yana da ramuka. Gajarta shi da rami ɗaya yana kwantar da gaban babur yana kuma taimaka wa bel ya hau saman dusa mai zurfi, tsawaita shi kuwa yana sa gaba ya riƙa tashi sama. Duk wanda ya taɓa shi ya sake duba ɗaurin bel. Shokazobar gaba guda biyu ba sa bukatar dogon aiki: a daidaita su iri ɗaya, a ƙara kaɗan in gaba yana nutsewa yayin gangara.

Sauran aikin a kan tsaunin ake kammala shi. A zaɓi gangare guda da aka sani, wanda babu haɗarin zaftarewar dusa a kansa, a hau, a sauya abu ɗaya tak, a sake hawa, a rubuta sakamako. In shokazobar tana da maɓallin taurin dannawa, wato wanda ke ƙara ko rage taurinta idan nauyi ya danne ta, a ƙara danni ɗaya ko biyu a lokaci guda har bugun ƙasa ya daina. Tulun da ke ɗauke da iskar naitirojin a jikin shokazoba kuwa ba a buɗe shi a gida, domin yana da matsi mai ƙarfi. Aikin ƙwararren makanike ne.