Yadda Za Ka Zaɓi Rautar Gida Don Kiran Intanet Ya Daina Yankewa

Mai albasa a Aliero yana ciniki da dillalinsa na Legas ta WhatsApp, ana gab da faɗin farashi sai murya ta fara kakkaryewa, sauran maganar ta koma "kana ji na?" Hajiya a Badariya ta kira ɗanta da ke karatu a Madina, ta yi gaisuwa ta ji shiru, can sai su biyu su fara magana a tare. Yawancin masu wannan matsala kasuwa suke nufa su nemi rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai a gida, wadda aka buga wa babbar lambar gudu a kwali, 1200 Mbps ko fiye, su dawo gida su tarar kiran yana nan yadda yake.

Dalili kuwa, kiran murya abinci kaɗan yake ci. Bai kai 100 kbps ba, wato kashi ɗaya cikin goma na 1 Mbps, kiran bidiyo kuma 1 zuwa 2 Mbps ya ishe shi. Abin da kira ba ya jurewa shi ne jinkiri. Waya tana yayyanka muryarka gunduwa-gunduwa, kamar guda 50 a kowace daƙiƙa, ta tura su a jere. Bidiyon YouTube yana tara guzuri a gaba, ko sabis ya yi tuntuɓe na daƙiƙa biyu ba za ka lura ba. Kira ba shi da guzuri. Gunduwar da ta makara zubar da ita ake yi, nan take ka ji kalma ta ɓace. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada tafiyar murya daga baki zuwa kunne ta wuce milisakan 150 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). In ta zarce haka sosai, sai a fara haɗa baki ana katse juna.

Gwada layi kafin ka fitar da kuɗi

A mafi yawan gidajen Kebbi intanet ta layin waya take shigowa, don haka rautar da ake magana ita ce mai cin sim. Komai tsadarta, abin da ƙarfen sabis na unguwarku ya ba ta shi za ta raba. Saboda haka aikin farko ba ya buƙatar sayen komai. Nemi aron layukan MTN, Airtel, Glo da duk wanda ke aiki a wajenku, ka saka a wayar da ke ɗaukar 4G, ka buɗe manhajar Speedtest. Kada idonka ya tsaya a kan babbar lambar saukewa. Duba ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo: ƙasa da milisakan 100 ya yi. Duba jitter, wato yadda jinkirin ke hawa da sauka: ana son ƙasa da 30. Sannan lambar turawa, wadda ita ce muryarka ke bi ta fita.

Yi gwajin sau uku a rana har kwana biyu ko uku: da safe, bayan Azahar, da kuma bayan Isha'i. Na bayan Isha'in shi ne alƙali, domin lokacin ne kowa ya zauna da wayarsa, ƙarfen sabis ya cika. Layin da ke ba da 30 Mbps da asuba yana iya komawa 1 Mbps da ƙarfe tara na dare. In gidanka kusa da kasuwa yake, haɗa da ranar kasuwa. Kada kuma ka dogara da shaidar aboki: layin da ya fi kyau a Gesse ba lallai ya fi kyau a Kalgo ba, balle Zuru ko Yauri.

Abin da za ka duba a jikin rautar

Tambaya ta farko ga mai shago ita ce, a kulle take ko a buɗe? Rautocin da kamfanonin layi ke sayarwa sun fi araha, amma galibi layinsu kaɗai suke karɓa. In gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, kullalliya ba laifi. In sun yi kusa da juna, ƙara kuɗi ka sayi buɗaɗɗiya, domin ranar da wani layi ya kwanta sai ka canza sim kawai. Ka saka sim biyu daban-daban a gaban mai shagon kafin ka biya.

Sai zangunan da take kamawa, wato hanyoyin iska da sabis ke bi ya iso gare ta. A kwali ko takardar ciki za ka ga jerin B1, B3, B7 da sauransu. Nemi wadda ke da B3, B7, B20 da B28 duka. B20 da B28 su ne ƙananan zango, 800 da 700 MHz, masu tafiya nesa da ratsa bango, su ne abin dogaron wanda ke bayan gari ko ƙauye. Kayan gwanjo da aka kera don wata ƙasa sukan rasa ɗaya daga cikinsu, sai ka ga waya tana kama 4G a ɗaki amma rauta ta maƙale a 3G.

Akwai kuma ajin 4G ɗin. Cat 4 zango ɗaya take riƙewa a lokaci guda. Cat 6 zuwa sama tana iya haɗa biyu, abin da ke taimakawa idan ɗaya ya cunkushe da dare. Misali a kayan TP-Link, MR6400 Cat 4 ce mai waifai na 2.4 GHz kaɗai, MR600 kuma Cat 6 ce mai 2.4 da 5 GHz. Ga gida mai mutum biyar zuwa sama, irin ta biyun muke ba da shawara. Rautar 5G kuwa kada ka biya kuɗinta sai ka ga 5G da idonka a wayar wani a cikin gidanka.

Abu na gaba mutane da yawa ba sa dubawa, alhali a wajenmu ya fi komai muhimmanci: juya bayanta ka ga ko tana da ramukan ɗaura eriyar waje guda biyu, irin masu zare da ake kira SMA ko ƙanana na TS-9. Rautar da ba ta da su, duk ranar da sabis ya gaza a cikin ɗaki ba ka da wata dabara. A ƙarshe ka tabbata tana da ramin kebul na LAN, wato inda ake jona kwamfuta ko wata rauta da kebul, ko da biyu, kuma a saitinta akwai QoS, wato saitin da ke fifita wani aiki a kan wani, ko hanyar ƙayyade wa kowace waya rabonta.

Ƙaramar MiFi ta aljihu tana da amfaninta a tafiya. A matsayin rautar gida kuwa eriyarta ƙarama ce, waifai ɗinta ba ya nisa, kuma barinta a caji dare da rana cikin zafinmu yana kumbura batir. Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam wadda ta fara aiki a Najeriya a 2023, mafita ce ga inda babu sabis kwata-kwata, sai dai tana son sarari buɗe ba inuwar bishiya, tana cin wuta ninkin rauta sau da yawa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan taɓa ta.

Inda za ta zauna

Rauta mai sim aiki biyu take yi: tana sauraron ƙarfen sabis daga waje, tana kuma watsa waifai a ciki. Rufin kwano yana tare na farko, katangar ƙasa mai kauri da bulon siminti suna cinye na biyu. Don haka wurinta sama ne, kamar tsayin mutum, kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, nesa da firji, talabijin da inbata. Ba a cikin durowa ba, ba a bayan kwanukan jere ba.

Sandunan sabis da ke jikinta ba su isa ma'auni ba. Haɗa wayarka da ita, buɗe burauza, rubuta adireshin da ke manne a ƙasanta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka nemi shafin bayanin sabis. Lambobi biyu za ka duba. RSRP ƙarfin sabis ne: -80 zuwa -90 mai kyau, -100 da dama-dama, -110 zuwa ƙasa rauni ne. SINR tsabtarsa ce: sama da 13 mai kyau, ƙasa da 5 kira zai riƙa kakkaryewa ko da sanduna sun cika. Ɗauki rautar taga-taga, kowane wuri ka jira minti ɗaya ka rubuta. Wani lokaci taku biyu kawai ke raba wuri mai kyau da marar kyau.

In ko'ina a ɗaki RSRP ya ƙi haura -105, lokacin eriyar waje ya yi. Sayi mai kebul biyu, ka ɗaura a bututun ƙarfe sama da rufi, kana juyawa kaɗan-kaɗan wani yana karanta maka SINR. Kebul ɗin kada ya wuce mita 5 zuwa 10, domin siririn kebul mai tsawo yana zubar da abin da eriyar ta tattaro. Naɗe mahaɗin da tef mai hana ruwa, ka sa mai aikin wuta ya haɗa bututun da ƙasa saboda tsawa, kuma in hadari ya taso da walƙiya ka cire kebul ɗin.

Babban gida mai sassa, rauta ɗaya ba ta isa daga zaure har ƙuryar ciki. Ƙaramar na'urar da ake soka wa a soket don ta maimaita waifai tana raba gudu biyu, tana ƙara jinkiri, ga kira kuwa wannan ne ciwon. Gara ka ja kebul na LAN da ake kira Cat 6 (sunan kebul ne, ba ajin 4G ba) daga ramin LAN zuwa rauta ta biyu a ɗaya sashen. Yana kai mita 100 ba tare da matsala ba.

Wuta da zafi

Rauta tana ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ta dawo bayan an ɗauke wuta, ko da na ƙiftawar ido ne wajen komawa janareta. Kiran ya riga ya mutu. Maganinsa ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, wanda ke zama tsakaninta da soket. Karanta jikin cajarta tukuna: yawanci 12V ne da 1A ko 1.5A, wasu 9V. Abin da za ka saya dole ƙarfinsa ya yi daidai, bakinsa kuma ya shiga daram. Lissafin lokaci mai sauƙi ne. Batirin 10,000 mAh yana ɗauke da wajen 37 Wh, wato wat 37 na tsawon awa ɗaya, in an cire asara kusan 28 ke saura. Rautar da ke cin wat 7 za ta yi kamar awa huɗu. Fawa bank ma yana yi, da kebul mai ɗaga 5V zuwa 12V. Mai sola kada ya jona rauta kai tsaye a batir, domin lokacin caji yakan haura 14V. A sa abin daidaita wuta a tsakani.

Yawancin rautoci an ƙera su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, a Birnin Kebbi kuwa Afrilu yakan wuce haka, balle ɗaki mai kwano babu silin. Alamar zafi ita ce rauta ta yi lafiya da safe, da rana tsaka ta riƙa kashe kanta ko sabis ya ɓace. Tagar da rana ke duka kai tsaye ba wurinta ba ce. Kada a lulluɓe ta da kyalle don gudun ƙura, a dai riƙa kakkaɓe ramukan iskarta da burushi busasshe, musamman da hunturu.

Saitin da ke ceton kira

Sau da yawa yankewar kira a gida daga cikin gidan take. Waya tana ɗaukar waifai a matsayin na banza, da ta haɗu sai ta fara tura hotuna ma'ajiya, tana sabunta manhajoji. Yaro ɗaya da ke ɗora bidiyon biki a Facebook ya isa ya cika hanyar turawa, muryarka ta shiga layi a bayan bidiyonsa. Don ka tabbatar, buɗe fast.com ka danna ƙarin bayani: zai nuna jinkiri lokacin da hanya take sake da lokacin da take cike. In na farko 60 ne na biyu 600, ka gano ɓarawon.

Shiga QoS ka rubuta kashi 80 cikin 100 na gudun da ka auna bayan Isha'i. In turawa 5 Mbps ce, rubuta 4. Wannan ɗan ragin shi ke hana jerin gwano taruwa. Sannan ka sa wayar da aka fi kira da ita a sahun gaba. In rautar ba ta da QoS, ƙayyade wa sauran wayoyin rabo, ka kashe musu sabuntawa da tura hotuna na kai-tsaye. Bar saitin WMM a kunne, shi ke ba murya fifiko a waifai. Wayar da ke ɗaki ɗaya da rauta ta hau 5 GHz. Ta nesa ta zauna a 2.4 GHz, a kan tasha 1, 6 ko 11, faɗi 20 MHz. Mai wayar tebur ta ofis da ke kira ta intanet, wato SIP, in ana jin sa shi ba ya ji, ya kashe saitin SIP ALG a rautar. Mutanen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka su kashe yawon layi, wato roaming, su zaɓi kamfaninsu da hannu, kada rautar ta riƙa laluben sabis ɗin Nijar. Inda 4G ke da ƙarfi, kulle ta a 4G kaɗai, domin tsalle tsakanin 3G da 4G yana yanke kira.

Canza kalmar sirrin shiga saiti daga admin, sa kullen waifai na WPA2 ko WPA3, kashe WPS, wato haɗa waya ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Baƙi da 'yan zaure a buɗe musu waifai na baƙi mai ƙayyadadden rabo.

In bayan duk wannan kira yana yankewa, rarrabe laifin ɗaya bayan ɗaya. Tsaya kusa da rautar ka kira: in ya gyaru, nisan waifai ne. Cire kowa ka bar wayarka kaɗai: in ya gyaru, cunkoson gida ne, koma kan QoS. In da dare kawai yake lalacewa alhali SINR yana da kyau, ƙarfen sabis ne ya cika, sai canjin layi. In kuma kowa kana jin sa garau sai mutum ɗaya, matsalar a wajensa take, ka ce ya kunna saitin rage cin data na kira a WhatsApp ya kashe bidiyo.