Yadda Ake Jinyar Alhajin da Zafin Rana Ya Buga, Daga Tantin Mina Zuwa Sashen Kulawa ta Musamman

A aikin Hajjin shekarar 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba mota ba inuwa. Wannan bayani domin ma'aikatan jinya ne masu jin Hausa, na asibitocin Makka da Madina da Jidda da kuma masu rakiyar alhazan Najeriya da Nijar, domin sau da yawa su ne ake fara kira idan dattijo ya faɗi.

Aiki na farko shi ne rarrabe gajiyar zafi da bugun zafi. Mai gajiyar zafi yana jin jiri da ƙishirwa da kasala, amma hankalinsa na tare da shi, kuma inuwa da ruwan gishiri da sukari sukan wadatar da shi. Bugun zafi kuwa shi ne zafin cikin jiki ya haura digiri 40 tare da taɓuwar ƙwaƙwalwa, wato ruɗewa, sambatu, jijjiga ko suma. A nan ne mai jin Hausa yake da amfanin da babu na'urar da za ta maye gurbinsa. Likitan da Larabci da Turanci kawai yake ji zai iya ɗaukar shirun dattijo a matsayin rashin jin yare, ko ya ɗauki sambatunsa a matsayin magana mai ma'ana da bai fahimta ba. Ke kuwa da kin ce, “Baba Alhaji, daga wane gari kake? Yau wace rana ce? Wa ya rako ka?” cikin daƙiƙu kaɗan za ki gane ko amsar tana kan hanya. Ki faɗa wa likita abin da kika ji ƙarara, kada ki gyara wa majinyaci maganarsa don kunya ko girmamawa. Kada kuma a jira bushewar fata kafin a yi zargin cutar, domin wasu suna zuwa jiƙe da gumi.

Ma'aunin zafi na hammata ko na goshi yana yaudara, musamman idan an riga an watsa wa mutum ruwa a hanya. Zafin cikin jiki ta dubura ake auna shi, ko da na'urar da ake zura wa a maƙoshi ko a mafitsara idan an isa sashen kulawa ta musamman. A soka yatsa a auna suga nan take, domin faɗuwar suga ga mai ciwon suga tana kama da wannan cuta, kuma sukan haɗu wa mutum ɗaya.

Daga nan sai sanyayawa, kuma ita ce ginshiƙin jinyar baki ɗaya. Lalacewar da zafi yake yi wa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda tana tafiya ne da tsawon lokacin da jiki ya ɗauka yana cikin wannan hali, shi ya sa ake son a sauko da zafin ƙasa da digiri 39 cikin kimanin minti 30. Ana farawa tun a tanti, a ci gaba a cikin motar asibiti bayan an kira lambar gaggawa ta 997 ko 911, ba a jiran sakamakon gwajin jini. A cire tufafi masu kauri, a fesa ruwa a jiki duka, a kunna fanka, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Ga mata, a ja labule a rufe jiki da siririn zane jiƙaƙƙe a riƙa sake jiƙa shi. Hakan ya tsare sutura bai kuma hana aiki ba. Idan 'yan'uwa suka damu da cire harami, a gaya musu cikin ladabi cewa maganar fansa za a kai ta ga malamai daga baya, yanzu rai ake ceto.

Hanyar feshi da iska tana da tarihi a Saudiyya. A 1980 Joseph Weiner na Landan da Mustafa Khogali ɗan ƙasar Sudan suka bayyana wani gadon sanyaya jiki wanda daga baya aka san shi da sunan Makka: majinyaci yana kwance a kan raga, ana fesa masa ruwa mai sanyin digiri 15 tare da hura iska mai ɗumi. Hikimar ita ce fata ta kasance da ɗan ɗumi, jijiyoyin jininta su zauna a buɗe, ruwa ya riƙa tashi yana kwashe zafi. Tsoma mutum cikin ruwan ƙanƙara ya fi sauri, kuma shi ne zaɓi ga matashi mai ƙarfi wanda aikin wahala ya kayar. Ga tsoho mai suma wanda aka jona wa wayoyi da ƙarin ruwa, feshi ya fi sauƙin sarrafawa. A ganina, hanyar da take hannu a minti na farko ta fi wadda za a jira rabin sa'a kafin a haɗa ta.

A riƙa rubuta zafin kowane minti biyar zuwa goma, a dakatar da sanyayawa idan ya sauko tsakanin digiri 38.5 da 39, domin yakan ci gaba da sauka da kansa har ya wuce ƙima. Idan rawar ɗari ta taso, a sanar da likita ya ba da maganin kwantar da ita, saboda rawar tana ƙara haifar da zafi.

Farasitamol da asfirin ba su da gurbi a nan, duk da cewa hannu yakan kai gare su da an ga jiki da zafi. Wannan ba zazzaɓi ba ne. Na farkon zai ƙara wa hanta nauyi, na biyun kuma zai iya jawo zubar jini da cutar da ƙoda. Ko maganin dantrolene da aka taɓa sa wa rai, gwajin da Abderrezak Bouchama da abokan aikinsa suka yi a kan alhazai, wanda aka buga a 1991, ya nuna bai ƙara saurin sanyaya jiki ba.

Ƙarin ruwa yana buƙatar natsuwa. Binciken da aka yi a kan alhazai ya nuna da yawansu ba su bushe kamar yadda ake zato ba, kuma kimanin lita guda takan ishe su a farko. Dattijo mai raunin zuciya idan aka ɗura masa leda bayan leda, ruwa zai iya taruwa a huhunsa. A ba shi kaɗan-kaɗan bisa umarnin likita, ana duba hawan jini da numfashi. A sa robar fitsari, a auna abin da ya fita kowace sa'a: bai kamata ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki ba. Fitsari mai launin baƙin shayi alama ce tsoka tana narkewa, kuma ƙoda na cikin haɗari. Wanda sumansa ya yi zurfi har ba ya iya kare maƙoshinsa, a kwantar da shi a gefe, a ba shi oksijin, a shirya kayan jona shi da na'urar numfashi.

Saukar zafi ba ita ce warkewa ba. Hanta takan nuna lalacewarta a rana ta biyu ko ta uku, haka ma rikicewar daskarewar jini, don haka a sa ido kan dasashi da wurin allura da launin ido, a tabbatar an maimaita gwajin hanta da ƙoda da sinadarin fotasiyam a kan lokaci. Wanda yake kan na'urar numfashi a ɗaga kan gadonsa digiri 30 zuwa 45, a tsaftace masa baki, a juya shi duk bayan sa'a biyu don gudun gyambon kwanciya. A tambayi 'yan rakiya magungunan da yake sha, musamman na sa fitsari, na hawan jini da na ƙaiƙayi, da lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Duk wannan a rubuta shi da sa'a da minti, domin daga irin waɗannan takardu masu bincike suke gano abin da ya yi aiki.

Majinyacin da ya farfaɗo yakan fara da tambayar Arfa. A sanar da shi cewa hukumomin lafiya kan kai marasa lafiyan da yanayinsu ya ba da dama zuwa Arfa a cikin motocin asibiti, kuma likita ne zai yanke ko yana cikinsu. Bayan sallama jikinsa zai daɗe bai jure zafi ba, saboda haka ya wakilta wani ya yi masa jifa, ya yi ɗawafi da dare a kan keken marasa lafiya, kuma a miƙa takardar sallamarsa ga likitocin tawagar jiharsa domin su maimaita gwajin ƙoda da hanta kafin ya hau jirgi.