Idan Za A Sake Gina Kasuwarku: Abin Da Za Ku Riƙe Kafin Katafila Ta Iso

Duk sanda gwamnati ta ce za ta zamanantar da tsakiyar birni, fargabar ɗan kasuwa ɗaya ce: a tashe shi, a gina sabo, ya dawo ya tarar kuɗin shago ya fi ƙarfinsa. Fargabar tana da tushe, kuma yawancin asarar ana yin ta ne tun kafin rusau, a watannin da babu wanda ya rubuta komai.

Ku fara da takardun da ke hannunku, domin ba darajarsu ɗaya ba. Akwai mai shaidar mallakar fili, akwai wanda hukumar kasuwa ta ba takardar rabon shago, akwai ɗan haya mai rasit, akwai mai tebur da ba shi da komai sai tikitin haraji. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a bayan sanarwa, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan ginin da ke wurin. Ku lura, kuɗin gini ake biya, ba cinikin da aka rasa ba. Shi ya sa ɗan haya da ya shekara ashirin yana tara kwastomomi yake iya tashi hannu rabbana, idan ba a sa sunansa a yarjejeniya ba.

Saboda haka ku yi ƙidayarku kafin hukuma ta yi tata. Layi-layi: lambar shago, faɗinsa da tsawonsa da mita, sunan mai shi, sunan wanda ke ciki, hoton mutum a bakin shagonsa, da kwafin takarda. Ku sa masu tebur, 'yan dako da mata masu abinci. Inda babu wannan jerin, ranar rabo sai ka ga sunayen da ba su taɓa sayar da ko allura a kasuwar ba. Ku ajiye kwafi uku, ɗaya wurin lauya, kada duka su kwana a kasuwa.

Alkawarin baki a wurin taro ba ya zuwa kotu. A rubuta, a sa hannu: ina ne wurin zaman wucin gadi, wata nawa aikin zai ɗauka, nawa ne kuɗin sabon shago, a kashi nawa za a biya, da cewa tsofaffin mazauna ne farko a rabo. Kuɗin shagon nan shi ne wurin da za ku fi dagewa, musamman idan ɗan kwangila ne zai gina da kuɗinsa ya mayar da riba. Masu magani da aka tasa daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a Kano, nisa da tsadar shago suna cikin manyan koke-kokensu. Ku nemi a yi aikin ɓangare-ɓangare, kuma kada tashin ya faɗa gab da azumi ko sallah.

Ku nemi ganin zanen ginin, ku tafi da injiniyanku. Ambaliyar da ta lalata atamfofi da yadudduka a Kantin Kwari a daminar 2022, abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne gini a kan magudanan ruwa. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 kuwa ta isa ta sa ku auna hanyoyi: wadda motar kashe gobara za ta bi kada ta gaza mita 4, kuma kada a yanka ta shaguna daga baya. Ku duba banɗaki da wurin sauke kaya.

Idan takardar tashi ta zo babu yarjejeniya, ku je kotu a makon, ku nemi umarnin dakatarwa. Bayan rusau ɗin shagunan Filin Idi na Kano a 2023, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3, shagunan kuma sun riga sun zama ɓaraguzai. Ku ɗauki ƙwararren mai kimanta gini ya rubuta darajar kowane shago tun yana tsaye.