Kurakuran da ke jefa masu wasan zamiya a tsaunuka cikin zaftarewar dusar ƙanƙara

A yawancin haɗurran da ake rasa rai a kan tsaunuka, dusar ƙanƙarar ba don kanta take zaftowa ba. Wanda ta binne, ko wani a tawagarsa, shi ya tayar da ita da nauyinsa.

Kuskuren tun daga gida yake farawa, wajen karanta sanarwar haɗarin zaftarewa. A Turai matakan haɗarin biyar ne tun 1993. Mutum ya ga mataki na 3, sai ya ce ai tsaka-tsaki ne, ya ɗaura takalmi. Alhali a Suwizalan, inda cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke garin Davos ke fitar da sanarwar, kusan rabin mace-macen a matakin nan suke aukuwa. A na 4 da na 5 tsoro ke zaunar da kowa. A na 3 kuwa rana ta fito, tsauni ya yi fari fat, ga wani ɓawo mai rauni, wato shimfiɗar dusa mai saurin karyewa, kwance a ƙarƙashin ta sama. Kada ka tsaya a kan lamba. Duba wane gefen tsauni aka ambata, daga wane tsayi, kuma sabuwar dusa ce ko iska ce ta jibge ta a bayan tudu.

Sai gangare. Tsakanin digiri 30 da 45 aka fi samun zaftarewa, ido kuma yana ruɗi, don haka ka auna a taswira kafin ka fita. Ko kana kan shimfiɗaɗɗen wuri, ɗaga kai ka ga abin da ke samanka.

Sawun wasu ba shaida ba ne. Mutum goma na iya wucewa lafiya, na sha ɗaya ya taka inda ɓawon ya fi sirantaka. In ka ji ƙasa ta yi "wuf" a ƙarƙashinka, ko ka ga tsaga tana gudu daga gabanka, juya kawai.

Yawa ma yana sa sakaci, kowa na zaton wani ya duba. A Tunnel Creek, jihar Washington ta Amurka, a 2012, mutum 16 ne suka fita, akasarinsu ƙwararru, uku ba su dawo ba. Ku riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, saura na kallo daga inda ba haɗari.

Na'urar nemo wanda dusa ta binne, sandar caka dusa da shebur: wasu na saye su ajiye, ba su taɓa gwadawa ba. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa. Bayan minti 35 kusan ɗaya cikin uku ne. Jirgin ceto ba kasafai yake riskar wannan ba, abokan tafiya ne za su tona. Wayar salula kuma tana rikita siginar na'urar, kada ka haɗa su a aljihu ɗaya.