Yadda za ki samu masu tallafa miki idan gashinki yana zubewa

Ɗankwali da hijabi suna rufa wa mace asiri idan gashinta ya fara zubewa, amma wannan rufin asirin ne yake sa ta yi shekaru tana fama ita kaɗai, babu wanda ya sani sai ita da makitsiyarta. Ciwon da ba a faɗa ba kuwa, ba a zuwa dubiyarsa.

Kafin ki gaya wa kowa, ki fara sanin abin da yake damunki daga bakin likitan fata, domin larurar da ba a san sunanta ba ita ce dangi suke saurin jingina wa sammu ko shafar aljanu. Zubar silin gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Zubewar da take biyo bayan haihuwa takan fara wata 2 zuwa 4 da sauka, kuma yawanci gashin yana dawowa kafin jariri ya shekara. Wadda maganin ciwon daji yake jawowa ita ma takan wuce bayan an gama shan magani. Akwai kuma wadda likitoci suke kira alopecia areata, inda garkuwar jiki take afka wa saiwar gashi har ya fita zagaye-zagaye kamar kwabo, kuma ba a ɗaukarta daga wani, saɓanin makero. Kitso mai tsauri kuwa shi yake cinye gaban goshi, kuma idan aka daɗe ana yinsa gashin wurin yana iya ƙin dawowa.

Bayan haka ki zaɓi mutum ɗaya tak, yayarki ko aminiyarki, wadda kika tabbatar bakinta ba ya yoyo. Ki faɗa mata abin da kike bukata a fili, misali: "Yaya, ba magani nake nema ba, ina wajen likita, so nake ki saurare ni, ki kuma raka ni asibiti." Wannan maganar tana da muhimmanci, saboda mutanenmu da ƙauna suke kawo magani, kuma kafin ki ankara an tara miki man kaɗanya da man darbejiya da jiƙe-jiƙe iri-iri, alhali abin da zuciyarki take so shi ne wanda zai zauna kusa da ke.

Maigida ya cancanci ya ji daga bakinki, ba ya gani da idonsa bagatatan ba, kuma zuwa da shi wajen likita sau ɗaya ya fi dogon bayani. Makitsiya ma ki jawo ta a jiki: ki roƙe ta ta riƙa zuwa gida, ta sassauta hannu, ta kuma riƙe abin da ta gani.

Duk da haka, akwai sanyin da ba ya samuwa sai wajen wadda abin ya taɓa. Ki tambayi ma'aikaciyar jinya ko akwai wata mai irin larurarki da za ta yarda ku gaisa. Mai jin Turanci tana iya duba ƙungiyar Alopecia UK ta Birtaniya ko National Alopecia Areata Foundation ta Amurka, wadda aka kafa a 1981, kuma watan Satumba ne watan wayar da kai game da cutar alopecia areata. Ayanna Pressley, 'yar majalisar wakilan Amurka, wadda ita ma cutar ta kama, ta bayyana kanta babu gashi a watan Janairun 2020. A zaurukan WhatsApp da Facebook sai ki yi hattara, domin inda kika ga ana tallar mai da sabulu fiye da gaisuwa, kasuwa ce, kuma kada ki tura hoton kanki ga wanda ba ki sani ba.

Maza ma ba su tsira ba. Ana cewa sanƙo alamar arziki ce, ana dariya a majalisa, amma saurayin da abin ya kama yana da shekara 25 ya san hular nan ba don ado kaɗai yake sa ta ba. Ya kamata ya ja abokin wasansa gefe ya gaya masa cewa tsokanar ta isa.

Idan kuwa damuwar ta kai kin daina zuwa biki da suna, barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki har tsawon mako biyu ko fiye, ki gaya wa likitanki ya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ki ci gaba da addu'arki tare da ganinsa.