In maciji ya sari mutum a gona, ga abin yi

Jama'a lokacin girbi ne kububuwa ta fi yi mana ɓarna, tana laɓewa ƙarƙashin karan dawa da tulin gyaɗar da aka tuge, ga ta ƴar ƙarama launinta sak ƙasa, sai ka kai hannu ka ji sara. Ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum zai ce ai ɗan kumburi ne kawai har ya koma gida ya ci tuwo, washegari sai ka ga jini na tsattsafowa daga dasashi ko a fitsari, ko tsohon ciwo ya ɓalle.

To in abin ya faru, a janye shi daga wurin a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da agogo da awarwaro tun kafin wurin ya kumbura. A sa ɗan katako a tallafe ƙafar ko hannun kamar mai karaya don kar ya dinga motsi, a ɗauke shi a mashin ko mota, kar a bar shi ya taka.

Dan Allah kar a ɗaure da igiya ko roba tamau, wallahi wannan ɗaurin na iya jawo a yanke ƙafa. Kar a tsaga da reza, kar a tsotse, kuma baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe komai, lokaci kawai yake cinyewa. Banda asfirin da diclofenac, ƙara zubar jini suke, farasitamol ya isa. Ba sai an bi macijin ba, in da hali a ɗauki hotonsa daga nesa.

A wuce asibiti ko da mutum na cewa garau yake. Can za su ɗebi jini a kwalba mai tsabta su ajiye minti 20, in bai daskare ba sun san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe aikinsu ke nan, amma tun yanzu ku bincika wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye allurar.

In gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, kar a murza, sannan asibiti.

Ku sa takalmin roba mai tsawo in za ku gona, ku taɓa tuli da sanda kafin hannu, dare kuma tocila ko da bayan gida za ku. Mai kwanan ƙasa ya tura gidan sauro ƙarƙashin tabarma, a share ciyawa da tarkace kusa da rumbu, don ɓera ne ke jawo maciji cikin gida.