Yadda Ake Share Hanyar Tare Wutar Daji

Ana ta tambayata yadda za a kare gonar itatuwa daga wutar daji, ga rani sai ƙara zafi yake yi. Ga yadda nake yi:

1. Ka fara da zarar ciyawa ta soma bushewa, wajen Nuwamba.
2. Ka auna faɗin taku goma kewaye da gonar.
3. Ka ƙara faɗin ta arewa maso gabas, don daga nan iskar hunturu ke busowa.
4. Ka nome ciyawar da fartanya har ƙasa ta fito fes.
5. Ka kwashe ta ka kai nesa.

Hattara: kada ka jibge ta a gindin mangwaro. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye wahalar shekaru.

6. Ka sare rassan da suka sauko ƙasa.
7. Ka sake sharewa duk mako biyu, iska tana dawo da busassun ganye.